Kyanwar da Hajiya Ta Bar Mana

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, ina zaune da mahaifiyata a wata unguwa bayan masaƙun Kakuri, ta hanyar da ke fita zuwa Romi. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, 'yan'uwana duk sun yi aure sun watse. Ni kaɗai na rage, ina cin tuwon Mama ina shan gorinta a kan rashin miji. Hatsi take sayarwa a ɗan shagon da ke jikin gidanmu, masara da dawa da wake, waɗanda take sarowa wajen manoman Kakau. Ɓeraye kuwa sun mai da shagon gidan ubansu, ba tarkon da Mama ba ta ɗana ba, ba maganin da ba ta barbaɗa ba.

Na sha ce mata mu samo kyanwa, ta ce ba a gidanta ba. A ƙauyen da ta taso, can kudancin jiha, ba a yarda da kyanwa ba. Ana cewa mayu na shiga jikinta su yi yawo, kuma in ta zauna a kan katanga tana kallon gidanka, to wani ne ya aiko ta. Mama ba ta fasa zuwa coci ko ruwa ake ko iska, tana cikin manyan zumuntar mata, amma wannan tsoron bai taɓa barin ta ba. Ta ce dabbar da idonta ke canzawa safe daban yamma daban, ba da ita ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajiya, wata dattijuwa mai suyar ƙuliƙuli da matsar man gyaɗa. Mijinta ya yi aiki a masaƙa tare da babanmu, shi ma ya rasu. Tana da kyanwa mai launin toka da zane-zanen baƙi, wuyanta fari, kunnenta ɗaya a tsage. A kan tabarmar sallarta take kwanciya, Hajiya ba ta kora. Ta ce kyanwa ba najasa ba ce, ko ta sa baki a ruwa ana iya alwala da shi. Mama in ta ji haka sai ta taɓe baki. Sun shekara fiye da ashirin suna miƙa wa juna kwano ta kan katangar nan, Hajiya ta aiko da naman layya, Mama ta aika da shinkafar Kirsimeti da kajin da ta sa ɗan Hajiya ya yanka da hannunsa, kuma ban taɓa jin sun sa-in-sa ba sai a kan kyanwar nan, ranar da ta ɗauke wa Mama busasshen kifi.

Kyanwar ce ta sasanta su ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ta gano wata kafa a ƙasan katanga inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta fara shigowa shagon. Kafin damina ta fita an daina ganin kashin ɓera a kan buhuna. Mama ba ta taɓa buɗe baki ta yaba ba, amma sai na lura kullum tana mantuwa da kan kifi a gindin turmi. Na tsokane ta, ta ce tsufa ne ke sa ta mantuwa, in kula da abin da ya dame ni.

Ni kuma da ma bakina ba ya shiru in aka taɓo abin da na karanta. Na zaunar da su biyun wata yamma na yi musu darasi kamar ɗalibaina. Na ce kyanwa ba mutum ne ya je daji ya kamo ta ba kamar yadda ya yi wa akuya da saniya. Ita ta kawo kanta. Tun lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi a rumbu, ɓeraye suka biyo hatsi, magen daji ta biyo ɓeraye, mutum ya ga amfaninta ya ƙyale ta. Na ce mutanen Misira na dā har girmama ta suke yi suna mata jana'iza, Turawa kuma an yi zamanin da suke ƙona ta da sunan maita. Na ce ƙwayar idonta tana tsukewa ne in haske ya yi yawa, ta buɗe in ya ragu, shi ke nan maitar. Hajiya ta yi dariya ta ce wa Mama kuɗin makarantar da ta biya bai tafi a banza ba. Abu ɗaya da na faɗa wanda daga baya ya dawo ya dame ni shi ne, kare mutum yake bi, kyanwa kuwa wuri ta fi riƙewa. Tana goga kumatunta a jikin ƙofa da katanga tana barin ƙamshinta, inda ta shafa nan ne gidanta, ko wa ke ciki.

Ba a cika shekara da murnar da muka yi ta tafiyar sojoji ba, sai ga mu muna addu'a su fito su tare gadar kogin da ya ratsa garinmu. Ba zan ba da labarin rikicin ba, wanda ya gani ya gani. Abin da ya shafi wannan labarin shi ne Hajiya ta ɓuya a shagon Mama, a bayan buhunan dawa, har ƙura ta ɗan lafa. Da aka sassauta dokar hana fita, ɗanta ya zo da mota da rakiyar soja ya kwashe ta zuwa Tudun Wada, ƙetaren kogi. A lokacin gari ya rabu biyu kamar an sa wuƙa. Kiristocin arewacin kogi suna kwararowa kudu, Musulmin kudu suna tsallakawa arewa, har mutane suka shiga musayar gidaje, ka ba ni naka in ba ka nawa.

Ranar tafiyar an nemi kyanwar an rasa. Tun ranar farko da aka fara harbe-harbe ta shige wani wuri. Hajiya ta zagaya gida tana kiranta, sojan yana ta danna ham, ɗanta yana roƙonta ta shiga mota. Sai ta kama hannun Mama.

"Maƙwabciya, na bar miki ita amana. Ba ta san kowa ba sai ni da ke."

Mama ta ce, "Je ki, Hajiya. In dai ina da rai ba abin da zai same ta."

Na ji wannan maganar da kunnena, kuma na san Mama. Ba ta iya alkawarin fatar baki ba.

Kyanwar ta fito bayan 'yan kwanaki, a rame, ta ci abin da Mama ta ajiye mata, ta koma ta kafar nan zuwa gidan Hajiya. Sai dai gidan ya riga ya zama na wasu. Waɗanda ɗan Hajiya ya yi musaya da su sun tare: wata mata da ba ta wuce sa'ata ba, da ƙanenta, saurayi mai gyaran babur. An kashe mijinta a hanyarsa ta dawowa daga aiki. Jaririnta kuma ya rasu a barikin da suka yi gudun hijira, zawo ya kama shi, ba magani. Ta zo unguwarmu ba ta magana, in ka gaishe ta sai ta dube ka kamar daga nesa take hango ka. Mama ta riƙa kai mata kunu da safe. Ƙanen kuwa idonsa jawur kullum, ba ya zama wuri ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba a lokacin.

Kyanwa ba ta san an yi musaya ba. Tana hawa tagar da ta saba, tana kwanciya inda tabarmar Hajiya take a dā, a kore ta ta dawo. Sai kuma lokacin neman muzurunta ya zo. Duk wanda ya taɓa jin kukan kyanwa a wannan lokacin ya san ba shi da maraba da kukan jariri. Matar ta fara cewa tana jin ɗanta yana kuka a bayan ɗaki. Ta daina barci, ta daina cin abinci. Magana ta bazu a layinmu cewa tsohuwar da ta tashi ta bar wani abu a gidan, ba ta tafi da kyanwar ba ne don ta ci gaba da yi mata aiki. Matan da suka shekara suna sayen ƙuliƙulin Hajiya bashi, su ne suka fi kowa yaɗa wannan maganar, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Na je na same su da bayanina. Na ce kuka ne na kiran namiji, kwanaki kaɗan zai yi ya wuce, in ta ɗauki ciki za ta yi shiru. Ƙanen ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko littafin nawa ya faɗi dalilin da ya sa take zaɓar tagar yayarsa ita kaɗai. Na ce don tagar Hajiya ce. Ya ce to ai abin da yake faɗa ke nan. Na dawo gida ina huci, na ce wa Mama jahilci ya fi talauci ciwo, ta ce in rufe mata baki, wanda aka kashe wa miji da ɗa ba a yi masa darasi.

Kamar yadda na ce, kukan ya wuce. Cikin kyanwar ya fito, ta yi nauyi, ta rage yawo. Mama ta yi ƙoƙarin tsare ta a shago, ta toshe kafar da bulo, ta shimfiɗa mata tsohon zani a cikin kwali. Banza. Da an buɗe ƙofa za ta sulale, ta haye katanga. Kyanwa wata biyu da 'yan kwanaki take yi ta haihu, kuma tana neman wuri mai duhu da ta yarda da shi. Wata safiya muka gan ta cikinta ya sauka. Muka duba bayan buhuna, muka duba kicin, muka duba kangon da aka ƙona a bayan layinmu, ba 'ya'ya. Na ce ƙila muzuru ya cinye su, yakan yi haka, ko ta haife su a mace saboda wahalar da ta sha. Mama ta ce Allah ya sa hakan ya fi alheri.

A makon ne matar ta faɗi a tsakar gida, aka ce ta buɗe ƙofa ta ga kyanwar a tsaye tana kallonta. Ƙanen ya zo shagonmu da rana tsaka, ya cire hularsa ya gaida Mama da ladabi, ya ce saboda kunun da take kai wa yayarsa ne ya zo ya faɗa mata da baki. Ko ta ɗauke dabbar nan daga unguwar kafin Lahadi, ko shi ya ɗauke ta yadda ya iya.

Mama ta yanke shawara a take, za ta mai da wa Hajiya amanarta. A lokacin ba kowa ke tsallaka gada ba. Masu acaɓa iyakarsu bakin kogi, su sauke ka su juyo. Na yi mata magiya, na yi mata faɗa, na ce a kan kyanwa za ta sa a yi mana zaman makoki. Ta ce ba ta ce in raka ta ba. Haka na saɓa mayafi na bi ta. Ta sa kyanwar a buhun masara ta ɗaure bakin, don a cewarta in ba ta ga hanya ba ba za ta iya dawowa ba. A cikin bas buhun yana motsi yana kuka, fasinjoji suna matsawa gefe. A bakin gada wani soja ya sa bakin bindiga ya taɓa buhun, ya tambaya da Turancin bariki mene ne a ciki. Da ya leƙa sai ya fashe da dariya ya kira abokinsa ya zo ya ga tsohuwar da ke kai mage gudun hijira.

Mun samu Hajiya a gidan da ba nata ba, tana zaune a tsakar gida kamar baƙuwa, a jikin bango ana ganin shatar inda aka cire gicciye. Da ta ga Mama sai ta miƙe, suka riƙe juna suna kuka, ni ma na juya baya na share nawa. Ta kwance buhun, kyanwar ta fito ta shinshina ƙafarta, ta goga mata kumatu sau ɗaya, sannan ta shiga zagaye katanga tana neman mafita. Hajiya ta ce baƙunta ce, za ta rufe ta a ɗaki har ta saba. Ba mu daɗe ba. Ta cika mana leda da ƙuliƙuli, ta sa ɗanta ya raka mu har bakin titi. Mama ta dawo gida fuskarta a sake, ta ce ta sauke nauyi.

Washegari kuka ya tashi a gidan maƙwabta, siriri, daga sama. Ta cikin katanga nake jinsa. Ina ji na gane. A cikin silin tsohon ɗakin Hajiya kyanwar ta haihu, ta wata ɓarakar kwano take shiga. 'Ya'yan kyanwa a makance ake haifarsu, kunnuwansu a rufe, ba sa iya ɗumama jikinsu, ba sa iya ko fitsari sai uwar ta lashe su. Mun ɗauke uwar mun kai ta ƙetaren kogi.

Na ruga na buga musu ƙofa, na ce a ba ni tsani in buɗe silin. Ƙanen ya tare ƙofar. Ya ce an ɗauke kyanwa amma kukan jariri bai daina ba, har ya ƙaru, to yanzu wane bayani zan kawo? Ya ce mu da muka ɓoye tsohuwar a shagonmu, ba wanda zai bar mu mu taɓa rufin gidan nan. Mama ta je da kanta ta durƙusa masa, tsohuwa da furfurarta, ya kau da kai. A maimakon tsani suka kira masu addu'a, aka yini ana waƙa ana yayyafa man zaitun a bango. Matar tana zaune a ƙasa ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana kiran sunan ɗanta. Kukan ya yi ta raguwa, har aka wayi gari babu shi. Aka ce addu'a ta ci.

Bayan wasu kwanaki, da hantsi, ina dawowa daga kasuwa, na hango kyanwar a bakin layinmu. Ban san yadda ta tsallake kogin ba, ko ta gada, ko ta kan duwatsu tunda ruwa bai cika ba tukuna. Ta zama ƙashi da fata, tana ɗingisa ƙafar baya, nonuwanta sun kumbura. Ba ta dubi kowa ba, ta nufi katangar gidan Hajiya. Ta yi tsalle ta kasa kaiwa, ta faɗo, ta sake gwadawa.

Wata mata ce ta fara ihu. Kowa a layin ya san an kai ta Tudun Wada a ɗaure cikin buhu, ga ta kuma ta dawo. A wurinsu, babu sauran wata shaida da ake nema. Samari suka fito daga wajen gyaran babur da duwatsu a hannu. Na yi magana, na san na yi, na ce 'ya'yanta take nema, amma muryata ba ta fi ta sauro ba a cikin wannan hayaniyar. Mama ta fito daga shago da mudu a hannunta, wani ya riƙe ta ta baya wai kar dutse ya same ta. Mutanen nan duk na san su, da wasu muke zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Fuskokinsu irin waɗanda na gani ne a watannin baya, ba su canza ba ko kaɗan. Ba a ɗauki lokaci ba.

Sun so su ƙona gawar, Mama ta ce sai dai su haɗa da ita. Ta naɗe ta a zanin da ta shimfiɗa mata a kwali, ta haƙa rami da fartanya a bayan shago, ta hana ni taimaka mata. A ƙarshen makon wari ya ishi maƙwabta, ƙanen ya hau da kansa ya ɓalle silin. Ya sauko da su a cikin shebur, 'yan mitsi-mitsi, a cure wuri ɗaya. Matar ta tsaya tana kallonsu, sannan ta zauna a dandaryar ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun zuwanta unguwar. Ƙanen kuwa daga ranar ya daina bi ta gaban shagonmu.

Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da ke tsallaka gada kullum, ba wanda ke tare ta, ita ce ta zame wa mutane da yawa wasiƙa a lokacin. Ta sauke ƙwaryarta a ƙofar shago wata rana ta ce Hajiya na gaida Mama, tana kuma neman gafara. Wai kyanwar ta fasa ragar taga ta gudu, ta nema har ta gaji, kunya ta hana ta aikowa da wuri, bayan irin kasadar da Mama ta yi ta kawo mata ita. Ta ce in Allah ya sa ta koma can, a bar ta kawai ta zauna, ta san tana hannu nagari.

Na yi saurin cewa a gaya wa Hajiya ba mu gan ta ba. Tsohuwa ce, me za a ƙara mata? Mama ta ɗaga min hannu.

"Ki ce mata ta iso. Ki ce mata mun kashe ta."

Na ce, "Mama, ba mu ba ne."

"Muna tsaye a wurin," in ji ta. Ta juya ga mai nonon. "Ki faɗa mata yadda na faɗa, kar ki gyara."

Mai nonon ta ɗora ƙwaryarta a ka ta tafi. Da ta dawo washegari na tare ta a hanya na tambaye ta abin da Hajiya ta ce. Ta ce Hajiya mayafi kawai ta ja ta rufe fuska, ta shiga ɗaki. Ba ta sake aiko da saƙo ba, Mama ma ba ta sake tsallaka gadar ba har ta bar duniya.